Shekarar da Na Fasa Injin Ruwan Kafanchan

Abba, takardarka ta same ni a Sabha ta hannun wani direban Agadas, bayan ta sha rana a hanya har tawadar ta koɗe. Ka ce ka je tashar jirgi neman aiki, wani tsohon lebura ya nuna ka da baki ya ce ga ɗan Ilu mai fasa inji. Ka ce tun kana yaro kake jin wai na zaɓi Ibo a kan 'ya'yana. Ban ji haushinka ba. Inji na fasa shi, babu wanda ya yi mini ƙazafi. Sauran maganar ce aka ba ka rabi aka riƙe rabi, shi ya sa wannan babi na tarihina naka ne, amma ka bai wa ƙannenka Hajara da Isiyaku su karanta. Ni ba mai ilimi ba ne, ajin yaƙi da jahilci na shiga, shi ma ban ƙarasa ba. Inda rubutun ya karkace ku miƙe shi da kanku.

Ranar Juma'a kaɗai nake samun zama, a ɗakin da muke haya mu shida a unguwar Jadid. Sauran kwanakin ina Samnu, a gonar wani Balarabe, ina kula masa da injin ban ruwa. A wannan ƙasa ta Larabawa, can bayan hamada, babu layin dogo ko taku ɗaya. Siminti, rodi, shinkafa, injuna, komai a mota yake zuwa daga Tarabulus, kuɗin mai ya sa ana gini kamar za a tashi duniya gobe. In inji ya yi tari sau biyu, maigidana ba ya cewa a gyara. Sai ya kaɗa hannu ya ce halas, a jefar, a kawo sabo. Akwai wani magini mutumin Damagaram da muke ɗaki ɗaya, Mamman, bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, kuma ya rantse ƙarya nake yi. Ɗazu ya gan ni da alƙalami.

"Kai ɗan Najeriya, yau ma jirgin ne? Ƙarfe ya hau ƙarfe ya ja ɗaki talatin? Babbar motar kamiyo ma sai mun sauka mun tura ta a rairayi."

"Mutumin Faranshi, je ka wanke wandonka. Abin da ya fi raƙumi girma ba a yi shi don kai ba."

Ya yi dariya ya fita. Bai san ba don shi nake yi ba.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar Kafanchan ta fara gajiya, ba ku san ko wace ce ita ba. Layi uku ne suka haɗa kai a wurin. Ɗaya ya yi Kaduna, daga can sai Kano ko Ikko. Ɗaya ya hau dutse ya nufi wajen Jos, ya wuce Bauchi da Gombe har Maiduguri. Na ukun ya gangara kudu, Lafiya, Makurɗi, ya haye Binuwai ya ratsa ƙasar Ibo har bakin teku. Dogo ne ya tara garin. Kuza daga Jos, gyaɗa da fatu da shanu daga gabas, kwal da manja daga kudu, duk sai sun tsaya a gabanmu an warware tarago an sake ɗaurawa. Hausawa, Kagoro, Kaje, Yarbawa, Tibi, Ibo, kowa da unguwarsa da wurin ibadarsa, amma agogo ɗaya muke bi. Mace ba ta duba rana kafin ta ɗora tukunya, kukan jirgin Jos take jira. Kan jirgi na wancan zamani kwal yake ci, ruwa yake sha, kuma sha na gaske. Ko daga ina ya fito a galabaice yake isowa, sai an cika masa ciki kafin ya ci gaba. Ruwan daga wani babban tanki yake saukowa a bakin layi. Tankin kuwa inji ne ke cika shi daga rafi, can gangaren bayan gari, a cikin wani ɗan ɗakin kwano. A ɗakin nan na yi shekara tara.

Maigidana a wurin Oga Sailas ne, Ibo, bakanike, gajere mai ƙaton wuya. Ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan, musamman wajen zagi. A matsayin lebura aka tura ni wurinsa, mai share ɗaki da ɗauko mai, shi ya ga dama ya koya mini aiki. Akwai littafin injin na Turanci, ya ce in bar shi, tunda ba zan iya karantawa ba in karanta injin da kansa. Ya koya mini ɗora bayan hannu a jikin ƙarfe in san zafin lafiya da zafin ciwo. Ya koya mini kafa bakin sukundireba a kan boris, inda sandar injin ke juyawa, in sa ƙotar a kunne, in ji ko yana gudu sumul ko ya fara cin kansa. Dokarsa ba ta da yawa. A tayar da safe, a kashe da azahar, a bar shi ya huce da kansa har la'asar, a duba baƙin mai, a sake tayarwa. Wata rana ina wanke hannu kusa da shi, ruwa ya fallatsa a kan injin ya yi cuu. Sai jin sifana na yi ta wuce ta gefen kunnena.

"Sakarai! Kai in ka fito daga gona kana gumi aka jefa ka rijiya, za ka tashi? Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi, ko a mafarki kada ka yi. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Oga."

"Ba ka ji ba. Kunnenka na ado ne."

Haka yake. Amma lokacin da aka haife ka, shi ya tsaya a aiki kwana bakwai shi kaɗai ya ce in je in yi suna, bai rubuta ko'ina cewa ban zo ba.

Sai shekarar kashe-kashe ta zo, wadda ta riga yaƙin basasa. Ba zan ɓoye muku ba, an yi abin kunya a Arewa, na ga wani da idona, ban hana ba, ban kuma iya ba. Jirage suka riƙa wucewa kudu cike da mutane har kan rufi, da tabarmi da tukwane da yara. Oga Sailas ya san zai tafi tun saura mako guda. Ka san abin da ya yi da makon? Ya kwance injin nan gaba ɗaya, ya wanke, ya canja mai, ya ɗaure kowane noti, sannan ya shafa masa koren fenti kamar yadda yake yi kowace shekara. Mutum ana neman ransa, yana fenti. Ran tafiyar na ɗaukar masa akwati zuwa tasha, shi da matarsa da 'ya'yansa huɗu. Bai yi mini wata doguwar sallama ba. Ya leƙo ta taga ya ce in kula da bel, ya fara sakewa.

Da yaƙi ya tashi, layin kudu ya zama hanyar yaƙi, Kafanchan kuma ta zama maƙogwaronsa. Sojan da aka ɗauka a Kano da Zariya da Kaduna, da wanda aka ɗauka a Jos da Bauchi da Barno, duk a wurinmu suke haɗuwa su gangara Makurɗi. Manyan bindigogi a ƙarƙashin tamfol, motoci a kan tarago, buhunan gari, shanun da sojoji za su ci. Masu dawowa kuma a kwance suke dawowa. In muka tsaya kwana ɗaya, can gaba wani ya kwana da yunwa ko ya rasa harsashi, nan baya wani ya mutu bai kai asibiti ba. Ga shi waɗanda suka san aikin yawancinsu sun tafi: direbobi, masu buga waya, akawuna, kanikawa. Kwal da ke zuwa daga Inugu ya yanke, sai abin da aka samo. Mu da aka bari, leburori da masu share layi da 'yan tsofaffin da suka kusa ajiye aiki, mu muka riƙe tashar. Na ga mai juya layi ya yi sati bai je gida ba, matarsa ke kawo masa tuwo gindin ƙarfen. Na ga direba Bayarabe ya sauko daga Jos, ya yi alwala, ya yi salla a kan buhu, ya sake hawa ya yi kudu ko ruwa bai sha ba. Babu wanda ya ba su lambar yabo. In ana lissafin waɗanda suka yi yaƙi ba a sa su. Ni na sa su.

Ni ma aka ce na zama mai injin, aka ba ni ɗaki biyu a kwatas, mai famfo a tsakar gida. Uwarku ta yi murna da famfon nan fiye da yadda ta yi murna da kayan aurenta. Shekara biyu na riƙe injin a kan dokar Oga Sailas, bai taɓa ba ni kunya ba.

A bazarar shekara ta biyu ta yaƙi aka shiga wani mako da jirage suka riƙa zuwa a jere, wannan bai tashi ba wancan ya iso. Tanki ya ƙi cika. Masinja ya riƙa sauko mini daga tasha yana cewa shugaban tasha ya ce ruwa ya yi ƙasa. Ku lura, bai ce kada in hutar da inji ba. Ni na yanke wa kaina. Na bar shi yana aiki kwana biyu babu kashewa. A rana ta uku bayan azahar na ɗora bayan hannu, na janye da sauri. Na san abin da ya kamata: in kashe, in zauna in jira, kowa ya yi ta zagi. Amma kan jirgi uku ne ke tsaye suna jiran ruwa. Sai na tuna yadda tsohuwarmu take yi mana in zazzaɓi ya yi zafi, ta jiƙa zane ta lulluɓa mana. Na jiƙa buhu na ɗora masa. Ya yi tururi, na ga kamar ya ji daɗi. Na ce to, ashe abin ba wuya. Na gangara rafi na cika bokiti na sheƙa masa a ka.

Ƙarar ba ta da girma. Kamar tulu ya faɗi a ɗakin maƙwabta. Ya yi tari, ya yi rawa, ya tsaya. Kan injin ya tsage daga sama har gefe, ana iya zura farce. Na daɗe a tsaye da bokiti a hannu. Babu kowa a wurin sai ni da Allah.

Na hau tasha. Jirgi ɗaya na sojoji ne masu zuwa kudu, ɗaya na abinci da shanu, na ukun na masu rauni ne da za a kai Kaduna, suna kwance a taragon ƙarfe cikin wannan rana. Warin da ke fitowa daga ciki ba zan rubuta shi ba. Na gaya wa shugaban tasha inji ya tsaya, ban faɗi dalili ba, shi ma bai sami sukunin tambaya ba. Ya buga waya aka ce sabon kan inji sai an nemo, kwana nawa ba a sani ba. Ya zauna a bakin dakali ya cire hula. Hafsan sojojin yana kai da komo yana duba agogo. Akwai wata mai sayar da kunu a tashar, Ladi, mutuniyar Kagoro, ƙatuwa mai murya, wadda babu direban da bai sha zaginta ba. Ita ta matso da ludayi a hannu.

"Ranka ya daɗe, wai me ya kashe muku jiki haka? Wani ne ya mutu?"

"Ladi, ba ruwa. Injin ya lalace."

"Rafin ne ya ƙafe?"

"Rafi yana nan."

"To ruwa ne kawai? Mu da muke ɗauko shi a ka tun ba mu yi haƙori ba? Ku maza da an ce inji ya tsaya sai ku ma ku tsaya. Ina bakin da ake zuba wa jirgin?"

Ta juye sauran kununta a kwanon wani soja, ta ɗauki garwa ta yi gangare. Ban san wanda ya kai magana cikin gari ba. Na dai ji an buga ƙararrawar coci ba ranar Lahadi ba, na ji ladan ya hau ya yi shela ba lokacin salla ba. Kafin la'asar hanyar rafi ta cika. Garwa, bokiti, tulu, daro, ƙwarya, har da tukunyar miya. 'Yan kasuwa suka rufe rumfuna. Mahauta suka zo da jini a riga. Masu rijiya a gida suka buɗe ƙofa suka ce a yashe ta. Layi biyu aka yi, masu gangarawa da masu hawowa, maza kuma suka kafa tsani a jikin kan jirgi suna karɓa suna juyewa. Garwa ɗaya a cikin wannan ciki kamar tofa yawu ne, ka zuba ka leƙa ba ka ga komai ba. Ba wanda ya tsaya leƙawa. Hafsan nan da kansa ya ce a fara cika na masu rauni, ya sa sojojinsa suka ajiye bindiga suka shiga layi. Matan kuma duk wadda ta zo wucewa ta gefen taragon sai ta tsaya ta ɗiba a moɗa ta miƙa ta taga.

Uwarku tun da na aure ta ba ta taɓa fita da rana ba. Ina tsaye a hanya kamar gunki, sai na ga mace da lulluɓi ta ɗauko garwa, ga ciki wata shida, cikin Isiyaku. Sai da ta zo dab na gane ta.

"Ke! Wa ya ce ki fito?"

"Malam, matsa, ka tare hanya."

Na matsa. Na karɓi bokiti a hannun wata tsohuwa na bi bayanta. Rana na shirin faɗuwa jirgin masu rauni ya yi kuka ya motsa, matan suka rangaɗa guɗa tun daga tasha har bakin rafi. Kwana huɗu garin nan yana shayar da jirage da ka, har aka kawo sabon kan inji. Wuyan mutane ya sage, rijiyoyi suka koma laka, babu jirgin da ya kwana don ƙishirwa. Ba wanda aka biya, ba wanda ya tambaya. Na yi yawo, na ga Agadas, na ga Sabha da dukiyarta, ban ga garin da ya kai Kafanchan ta waɗannan kwanaki huɗu ba.

Bayan an gyara aka ce za a turo injiniya daga Kaduna ya binciki abin da ya faru. A lokacin na faɗa wa uwarku gaskiya, ita kuma ta aika aka kira yayana Haladu, mai fataucin doya, wanda kuka sani. Ya zo da hantsi ya zauna a kan turmi a tsakar gida.

"Kai Ilu, wa ya gan ka?"

"Babu kowa, Yaya."

"To Allah ya rufa maka asiri, kai kuma za ka yaye? Mutumin nan ya yi fenti kafin ya tafi ko bai yi ba?"

"Ya yi."

"Shi ke nan. Tsohuwar tsaga ce, ya shafe ta da fenti don ta fashe a hannunku. Yanzu a garin nan ko akuya ta ɓata cewa ake su ne. Wa zai musa maka? Yana can cikin daji, ƙila ma ya mutu. Me zai same shi?"

"Ba haka aka yi ba."

"Ji mini shashasha. Ni na ce maka haka aka yi? Cewa na yi haka za ka faɗa."

Uwarku tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba ta yi magana.

"Malam, ni ban ce ka yi wa kowa sharri ba. Ka ce ba ka sani ba. Ka zo ka tarar ya tsaya. Abba yana aji uku. Ga wannan a cikina. In suka karɓi ɗakin nan ina za mu?"

Kada ku ɗauka ubanku waliyyi ne. Kwana biyu ina gwada ƙaryar nan a bakina, a hanyar rafi, a masallaci ma. Na gyara ta har ta yi kyau. Ran da aka kira ni ofis da ita na shiga.

Injiniyan dattijo ne mai furfura, ba shi da hayaniya. Ya riga ya je ya duba tsohon kan injin. A gabansa akwai fayil biyu, ya ɗora hannu a kan ɗaya ya ce nawa ne, ɗayan na Sailas. Ya ce ya ji ana ta maganar fenti a tasha. Ya ce shi ba zai iya rantsewa da ido kaɗai ba, ni ne na kwana da injin. In tsagar tsohuwa ce aka rufe, zai rubuta a fayil ɗin Sailas cewa ya yi ɓarna da gangan a lokacin yaƙi, kuma in Allah ya sa yana raye ya dawo, ba aiki kaɗai zai rasa ba. Sannan ya ce in faɗi abin da na sani. Ni dai wuyana har lokacin yana ciwon garwa. Ta taga ina hango Ladi tana zuba wa wani kunu. Mutanen da suka biya kuskurena da wuyansu ba su ma san nawa ba ne, ga shi zan ɗauke shi in ɗora wa wanda ya tsaya yin fenti ana neman ransa. Na buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Ranka ya daɗe, lafiya lau ya bar mini shi. Ni na hana shi hutu kwana biyu, na zuba masa ruwan sanyi."

Ya ajiye alƙalami ya dube ni.

"An taɓa gaya maka ba a yi?"

"An gaya mini. Har da jifa."

"Ka san abin da doka ta ce a kan wannan?"

"Na sani."

Ya rubuta. Da zan fita ya miƙo mini hannu, abin da babban ma'aikaci bai taɓa yi mini ba. Hannun bai hana takardar sallama zuwa ba. Babu fansho, kuma mako biyu mu bar kwatas.

Abin da ya biyo baya kai ka fi kowa saninsa, Abba, don a kanka ya sauka. Muka koma ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, mai yoyo. Na shiga dako. Aka haifi Isiyaku babu ragon suna sai da Yaya Haladu ya saya, ya kuwa faɗa wa duk wanda ya zo. Aka cire ka daga makaranta ka koma bin motar doyarsa, kai da malaminku yake cewa kanka yana ja. Wannan ba ni da abin da zan ce a kansa. Na cuce ka, na sani. Uwarku ta koma tuyar ƙosai, tana ɗebo ruwa daga rijiyar maƙwabta. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta dai daina yi mini magana sai ta dole: ga abinci, babu gishiri, yaro ba lafiya. Haka muka zauna har yaƙi ya ƙare.

Da aka buɗe hanya, waɗanda suka rage suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Wata rana ina kasuwa da kwandon doya a ka, na ji an ce Ilu. Na juya na ga wani tsoho siriri, riga tana yawo a jikinsa. Ƙaton wuyan nan babu shi. Da murya na gane shi. An mayar da shi aikinsa, tunda ba a sami komai a fayil ɗinsa ba, a nan kuma ya ga abin da aka rubuta a kaina.

"Ruwan sanyi, Ilu?"

"Ruwan sanyi, Oga."

"Bokiti guda?"

"Guda."

"Na ce kunnenka na ado ne."

Ya kama kwandon ya taya ni saukewa. Bai ce ya gode ba, ba halinsa ba ne. Sau uku yana zuwa ofis a mayar da ni, aka ce wanda aka sallama an sallame shi. Sai ya koma kirana duk Lahadi bayan ya taso coci, yana koya mini sauran aikin da bai ƙarasa ba, kwance inji da ɗaure shi tun daga fistin. Da wannan nake ci a Samnu, da shi nake aiko muku abin da nake aikowa.

Amma zuwansa na farko gidanmu nake so ka sani, don kana kan hanya da Yaya ba ka gani ba. Ni ban so ya zo ba, ina tsoron abin da uwarku za ta yi. Ya dage. Na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, tana ciki bayan labule. Ya gaishe ta, ta amsa a gajarce. Ta tambayi matarsa, ya ce ta rasu a daji. Ta tambayi yaran, ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, su huɗun, ban san ta riƙe su ba. Ya ce biyu ne suka dawo. Can na ji motsin kwanoni, sai ga hannunta ya turo tuwo da miya ta ƙarƙashin labule, a kwanon da take ajiye wa baƙi, wanda shi kaɗai ya rage ba ta sayar ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi.

"Oga Sailas," in ji ta, "saboda kai na bar gida mai famfo. Saboda kai ɗana ya bar makaranta. To tunda ka yi mana tsada haka, ba za ka zo ka mutu mini da yunwa ba. Ka cinye, kada in ga saura. Gobe kuma ka turo mini yaran nan, na san ba ka iya dafa komai ba."

Ya sunkuyar da kai ya ci, yana ci yana share ido da bayan hannu, har ya suɗe kwanon. Washegari ya turo yaran, suka ci a tukunyarmu har ya sake aure. Shi ta fara yafe wa. Ni sai da na ƙara jiran damina guda.